Ga Amaro, Bayan Wasan Daren Asabar

Jiya na hau matakala ɗari da sittin da biyu
na tudun Cordillera, gwiwata tana ƙara,
don in ga wasanka, Amaro.
Na zauna a benci na uku, kusa da mai gyaɗa.
Na ga malafar, na ga baƙin kwat,
na ga farar safar hannu.
Na ga Don Eleuterio, shekara tara da binnewa,
yana yawo a jikin yaro ɗan sha bakwai.

Har tarin da yake yi kafin ya juya karta
sai da ka yi mana shi.
Yaro, wannan tarin ba dabo ba ne,
taba ce ta ci masa ƙirji.

An yi tafi, ban musa ba.
Amma tafin ya wuce ta saman kanka,
ya gangara maƙabarta neman mai shi.
Kayan aro ba ya rufe katara;
hannun kwat ɗin ma ya haɗiye maka yatsu.

Ni ma na yi. Shekara shida ina rusunawa
irin ta wata Bafaranshiya da na gani sau ɗaya tak,
har ranar da kurciyata ta ƙi fita daga hankici,
na tsaya ina yi mata faɗa da bakin mutanen Chiloé,
irin faɗan uwata,
zaure ya fashe da dariya.
Daren nan aka fara kirana Clorinda.
Kafin nan, "yarinyar nan mai tsuntsu" ce ni.

To, saurara.
Ran Talata da asuba na gan ka a Caleta Portales,
ba ka san ina kallo ba.
Kana gyaran tarun babanka,
ka ƙulla igiya, ka hura mata iska,
ƙullin ya zame ya koma ɗaya bakin.
Ƙanwarka Maite ta saki lemon tsaminta tana ihu.
Ka ciro ɓawon kifi daga bayan kunnenta,
ka ce kuɗin teku ne.
Masunta huɗu suka bar awo suka zagaye ku.
Babu malafa. Ƙafarka ma babu takalmi.

Can na ga mai dabo.

Ka ce in'ina ce ke ba ka kunya a dandamali,
shi ya sa ka haddace kalaman mamaci.
Ni kuwa na ƙirga:
tsakanin "ka-ka-ka" da "karta"
idon kowa yana kan leɓenka,
hannun hagunka kuwa ya je kasuwa ya dawo.
Wasu sun yi furfura suna neman
abin da zai ɗauke idon mutane haka,
kai an haife ka da shi a baki.

Ban ce ka zubar da duk abin da ya koya maka ba.
Yadda kwabo ke kwana a tafin hannu, riƙe shi.
Yadda ake ɓoye numfashi, riƙe.
Tukunya ake gada,
miya kuwa kowa da hannunsa.

Za a yi daren da ba wanda zai tafa.
Wani zai yi hamma,
wata ta tashi don kada bas ɗin ƙarshe ya bar ta.
Ƙullin zai cije, ya ƙi tafiya.
Ka tsaya a wurin, da ƙarnin kifi a yatsunka,
ka sha kunyar, ita ma taka ce.
Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi,
kai kuwa gidanku can ƙasa ne, bakin ruwa,
inda jirage ke kuka cikin hazo.

Asabar mai zuwa zan sake hawowa,
in gwiwa ta yarda.
Ka mayar wa matar Don Eleuterio kwat ɗin mijinta,
ta daɗe tana son ta rataye shi bayan ƙofa.
Ka zo da igiyar nan mai gishiri,
ka zo da Maite ta riƙe maka ɗaya bakin.
Idan na gane yadda ka yi, zan yi shiru.
Idan ban gane ba,
ni zan biya kuɗin gyaɗar.